Ciwon Suga Da Zuciya: Ɓarnar Da Ba Ta Sallama

Duk mai sauraron sanarwar rasuwa a gidajen rediyon Kano ko Kaduna ko Sakkwato ya haddace jimlar nan: "bayan gajeriyar rashin lafiya." Sauran bayanin sai a wurin zaman makoki ake ji. Wani ya ce jiya tare suka yi sallar isha'i. Wani ya ce banɗaki ya shiga zai kama ruwa, sai aka ji faɗuwarsa. Can wani daga cikin dangi ya ƙara da cewa dama ya daɗe yana da suga, amma ai yana kiyayewa, ko a shayi ba ya sawa. A yi addu'a, a shafa, kowa ya kama gabansa.

Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan babu musu. Amma sau da yawa ciwon da aka kira gajere ya shekara goma ko sha biyar yana aikinsa a cikin jijiyoyin jini, ranar faɗuwar ce kawai mutane suka gani. Mai ciwon suga a ƙasar Hausa ya san tsoron abu biyu: a yanke masa ƙafa, ko ya makance. Duka biyun suna faruwa. Sai dai abin da ya fi kai masu wannan ciwo kushewa a duniya shi ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma wannan ne ɓangaren da wayar da kai ta fi barin baya a wurinmu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi mai ciwon suga ya ninka wanda ba shi da shi sau biyu zuwa uku wajen haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Ba jiya aka gano haka ba. Tun 1948 likitoci suka fara bibiyar mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka don gano abin da ke jawo ciwon zuciya, kuma a 1979 suka bayyana cewa ciwon suga yana ninka haɗarin kusan sau biyu ga maza, kusan sau uku ga mata. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan, amma har yau in ka tambayi mai suga a unguwa me ciwonsa ya haɗa da zuciya, da wuya ya ba ka amsa.

Yadda suga ke isa zuciya

Abincin da muke ci, tuwo ne ko shinkafa ko burodi, jiki yana narkar da shi ya koma suga a cikin jini. Akwai wata gaɓa a bayan tumbi, likitoci na kiranta fankiriyas, ita ke samar da sinadarin insulin wanda ke shigar da sugan nan cikin tsoka da sauran sassan jiki don ya zama ƙarfi. Idan gaɓar ta daina samar da insulin kwata-kwata, shi ne nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, kuma babu makawa sai da allura. Idan kuwa insulin ɗin yana nan amma jiki ya daina jin maganarsa, shi ne nau'i na biyu. Fiye da tara cikin goma na masu ciwon suga nau'i na biyu ne da su, kuma shi ne ke tafiya da ƙiba, da tumbi, da zama wuri ɗaya, da gado.

Sugan da ya rasa hanyar shiga sai ya yi ta yawo a jini. Cikin jijiyar jini akwai wata shimfiɗa mai santsi da jini ke gudana a kanta, yawan suga kuma yana ƙuje ta a hankali. Inda ta ƙuje, maiƙo sai ya samu wurin maƙalewa, ya taru, ya yi tauri. Kamar tsohon bututun famfo ne da tsatsa ta cinye cikinsa: daga waje ba ka ganin komai, ruwa ne dai ke raguwa, har ranar da zai toshe. A jiki, ranar ita ce ranar da tarin maiƙon ya fashe jini ya daskare a kansa. In a jijiyar da ke ciyar da zuciya ne, bugun zuciya ke nan. In a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki. Gyambon ƙafar da ya ƙi warkewa, da ƙodar da ta gaza har aka kai ga wanki, da idon da ya dushe, duk ɓarnar jijiyoyin nan ce a wurare daban-daban.

Ciwon suga kuma ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba. Yawancin masu nau'i na biyu suna da hawan jini, da yawa kuma maiƙon jininsu ya yi yawa. Suga ya taɓa ƙoda, ƙoda ta ƙara hawan jini, hawan jini ya tilasta wa zuciya aikin da ya fi ƙarfinta har naman zuciyar ya yi kauri, daga baya ya saki. Daga nan sai ƙafa ta fara kumbura da yamma, mutum ya riƙa haki in ya hau bene ko ya ɗan yi sauri zuwa masallaci, da dare kuma ba ya iya kwanciya sai ya tara matasai ya jingina. Wannan ita ce gazawar zuciya.

A nan akwai bambanci tsakaninmu da Turai. A can, toshewar jijiyar zuciya ce kan gaba. A Afirka kuwa, binciken THESUS-HF da aka buga a 2012, wanda ya duba majinyata 1,006 masu gazawar zuciya a ƙasashe tara, har da Najeriya, ya nuna hawan jini ne babban sababi, kusan kashi 45 cikin 100, toshewar jijiya kuwa ba ta kai kashi 10 ba. Sai binciken SIREN na Najeriya da Gana, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya ke ciki. Sakamakonsa na 2018 ya ɗora kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin shanyewar jiki a kan hawan jini, ya kuma nuna ciwon suga yana ninka haɗarin fiye da sau biyu. Mai suga a Kano ko Maraɗi da ke auna sugansa kullum amma ya manta rabonsa da awon hawan jini, rabin aikin kawai yake yi.

Ba olsa ba ce, ba kuma iska ba

A fim, mai bugun zuciya yakan dafe ƙirji ya yanke jiki ya faɗi. Mai ciwon suga ba lallai ya ji haka ba, domin suga yana kashe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Shi ne dalilin da ya sa wani ke taka ƙusa bai sani ba sai ya ga jini a takalmi, haka ma zuciya tana iya buguwa ba tare da ƙirji ya yi ciwon a zo a gani ba. Abin da mutum zai ji kawai shi ne zafi a saman ciki, ko tashin zuciya, ko gumi mai sanyi ba gaira ba dalili, ko kasala mai nauyi, ko numfashi ya riƙa yi masa wuya. Ciwon yana iya bi ta kafaɗa, ko hannu, ko muƙamuƙi. Mata sun fi samun irin waɗannan alamomi masu ruɗarwa.

Mun san abin da ke biyo baya. A ce olsa ce ta tashi, a aiki yaro kemis ya karɓo farin ruwan maganin nan, a sha cokali biyu a kwanta. Wani ya tashi da safe, amma da tabo a zuciyarsa wanda sai bayan shekaru awon zuciya zai tona. Wani kuwa ba ya tashi.

Na shanyewar jiki ya fi wannan ban takaici. Mutum ya faɗi a makewayi, baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, nan take a ce iska ce ta buge shi, ai dama wurin mazaunin iskoki ne. A kira mai ruƙiyya, a turara, a shafa, sai bayan kwana biyu ko uku a nufi asibiti. Alhali tashi cikin dare, da yunƙuri, da tsugunno, duk suna motsa jini, kuma sassafe ne lokacin da hawan jini ya fi tashi, shi ya sa faɗuwar ta fi yawa a wannan wuri da wannan lokaci. Babu mai hana addu'a, amma ana iya yin ta a cikin mota a hanyar asibiti, don awannin farko su ne ke raba wanda zai sake taka ƙafarsa da wanda zai ƙare a kwance. Wani abu kuma da ake yi da kyakkyawar niyya yana kisa: ɗura wa wanda jikinsa ya shanye ruwa ko rubutu ko kunu. Maƙogwaronsa ba ya haɗiya daidai, abin sai ya zarce huhu.

Mu nawa ne?

Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke da ciwon a duniya, miliyan 24 daga ciki a Afirka, kuma ana hasashen na Afirka zai kai miliyan 55 nan da 2045, ƙaruwar da babu yankin da ya kai ta. Kashi 54 cikin 100 na masu ciwon a Afirka ba su ma san suna da shi ba. Najeriya ƙungiyar ta ba ta miliyan 3.6 a wannan shekarar. Amma wani nazari da Farfesa Andrew Uloko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya jagoranta, aka buga a 2018, ya haɗa binciken da aka yi a sassan ƙasar ya samu kashi 5.77 cikin 100, wato sama da mutum miliyan 11. A nazarin, Arewa maso Yamma ce mafi ƙaranci da kashi 3, Arewa maso Gabas kashi 5.9, Kudu maso Kudu kuma kashi 9.8.

Kada kashi 3 ya sa mu saki jiki. Yankin ya fi kowane yanki yawan jama'a, kuma rayuwar da ta kare kakanninmu tana ƙarewa a gaban idonmu. Wanda da yake taka sayyada daga Fagge zuwa Kurmi, yanzu ko masallacin bayan layi sai a babur. Ɗan kasuwa yana zama a shago tun hantsi har magariba, abinci ya same shi a nan, lemon kwalba ya biyo baya. Tumbi kuwa har yanzu alamar hutu ce, a ce Alhaji ya murje, kuɗi sun zauna. A ɓangaren mata abin ya fi muni, domin akwai masu shan ƙwayoyin sha-ka-fashe don su yi ƙiba kafin biki, kuma daga cikin ƙwayoyin nan akwai dexamethasone, wanda ke tayar da suga da hawan jini a lokaci guda. Matar da ta yi suga lokacin goyon ciki, ko ta haifi jaririn da ya wuce kilo 4, ita ma tana cikin waɗanda ya kamata su riƙa gwaji ko bayan ta yaye.

"Ka daina shan zaƙi" bai isa ba

Tsaya a teburin mai shayi da safe ka kalli haɗi ɗaya. Kofin roba babba, madarar gwangwani, garin koko mai zaƙi, sannan suga cokali huɗu ko biyar, a sheƙa shi daga kofi zuwa kofi har ya yi kumfa. Gefe ga burodi rabin sanda an shafe da bota, ga taliyar leda biyu da ƙwai ana soyawa, an juye ƙullin ɗanɗanonta duka an ƙara dunƙule. Mai ciwon suga da ke zaune a bencin zai ɗaga hannu ya ce, "Ni kar ka sa min suga." Shi ke nan a ganinsa ya kiyaye. Burodin da taliyar za su koma suga kafin ya isa shago, gishirin da ke cikin ɗanɗanon kuma ya wuce kai tsaye ga hawan jininsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da baligi ke ci a yini ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, kuma uwargida tana iya marmasa biyar ko shida a tukunya ɗaya, sannan ta barbaɗa gishiri, a kawo yaji mai dunƙule a gefe. Suga kuwa iyakarsa kamar giram 50 ne a yini, kuma kwalbar lemo ɗaya mai rabin lita ta cinye wannan kason. Zoɓo da kunun aya na sayarwa ba su fi ta sauƙi ba in aka ga yadda ake zuba musu suga da gwangwani.

Sai batun tuwon alkama, wanda ya zama kamar shaidar mai ciwon suga. An sa wa mutane a rai cewa alkama magani ce, sai mutum ya bar tuwon dawa da gero ya zauna ya tashi da malmala uku ta alkama mai laushi, ya yi mamakin yadda suga ya ƙi sauka. Yawan abin da aka ci ya fi sunan hatsin muhimmanci. Abin da ya fi dacewa da mu yana nan a kasuwa da araha: wake, zogale, rama, alayyahu, kuɓewa, lansir, yaɗiya. Binciken SIREN ɗin nan ya gano cewa rashin cin ganye a kai a kai yana daga cikin manyan abubuwan da ke ƙara haɗarin shanyewar jiki a Najeriya da Gana. Kwaɗon zogalen da ake raina wa a ce abincin ƙauye ne ya fi abin da ke cikin leda da kwalba amfani ga jijiya.

Abin da aka gwada ya yi aiki

A Birtaniya an yi wani dogon bincike mai suna UKPDS, daga 1977 zuwa sakamakonsa a 1998. A wani ɓangarensa an ɗauki masu suga da hawan jini 1,148 aka raba su biyu. Waɗanda aka matsa wa hawan jininsu ya sauka zuwa wajen 144/82, idan aka kwatanta da waɗanda suka tsaya a 154/87, shanyewar jiki ta ragu a cikinsu da kashi 44 cikin 100, gazawar zuciya da kashi 56, mutuwar da ke da alaƙa da suga da kashi 32. Tazarar maki goma kacal. A Denmak kuma, binciken Steno-2 ya ɗauki mutum 160 a 1993, rabinsu aka haɗa musu komai lokaci guda: suga, hawan jini, maiƙon jini, abinci, motsa jiki, barin taba. Bayan shekara 21 aka tarar sun fi sauran tsawon rai da kusan shekara takwas.

Saboda haka lamba uku ce ya kamata mai suga ya riƙe kamar lambar wayarsa. Ta farko sugan safe kafin a karya: daga 126 zuwa sama a ma'aunin da yawancin na'urorinmu ke nunawa, in aka maimaita aka tabbatar, ciwon suga ne, tsakanin 100 da 125 kuwa gargaɗi ne. Akwai kuma gwajin HbA1c da ke nuna yadda suga ya kasance cikin wata uku, wanda ba a iya yi masa dabarar ƙin cin abinci daren zuwa asibiti. Ta biyu hawan jini, wanda ake so ya tsaya wajen 130/80 ga mai suga. Ta uku maiƙon jini, kuma likitoci kan ba yawancin masu suga da suka wuce shekara 40 maganin rage shi, wato statin, ko da ba su jin komai. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar, tana taɓa duka ukun.

Wannan "ba na jin komai" ita ce babbar matsala. Mutum ya sha magani wata biyu, ya ji garau, ya ajiye. Wani ma ƙin farawa yake yi, wai in ka fara maganin hawan jini ba ka rabuwa da shi. Ga masu mota da lasifika a tasha da bakin kasuwa suna rantsuwa cewa jarka ɗaya ta saiwa tana raba mutum da suga har abada. Babu wanda ya san abin da ke cikin jarkar, ƙodar da suga ya riga ya raunana ce za ta tace shi.

Sai dai ba kowa ne ya bar magani don jahilci ba. Bayan faɗuwar darajar naira a 2023, da janyewar kamfanin GSK daga Najeriya a watan Agusta na shekarar, da sanarwar Sanofi, mai yin insulin, cewa zai koma sayarwa ta hannun dillalai, kuɗin magani ya yi tashin gwauron zabi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin lafiya a ƙasar nan daga aljihun majinyaci yake fita. Sai ka ga tsoho yana raba ƙwaya biyu, ko yana shan ta kwana ɗaya ya tsallake ɗaya, kuma in za a zaɓi wanda za a bari, na hawan jini da na maiƙo ake fara yarwa, a riƙe na suga. Sababbin magunguna irin su empagliflozin, wanda binciken 2015 ya nuna ya rage mutuwa ta hanyar zuciya da kashi 38 cikin 100 ga masu suga da ke da ciwon zuciya, sai mai hali. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi ta Dokar Kuɗi ta 2021, amma naira 10 a yau ko ledar ruwa ba ta saya, kuma dokar ba ta ware kuɗin don masu ciwon ba.

Azumi ma yana buƙatar a faɗi gaskiya. Marar lafiya yana da rangwame a shari'a, kuma ƙa'idojin da likitoci suka tsara don masu suga a Ramadan sun sa wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar jiki kwanan nan cikin masu babban haɗari. Sun ce a karya azumi in suga ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, kuma huda yatsa don gwaji ba ya karya azumi. Ganin likita don daidaita magani aikin watan Sha'aban ne, ba na daren farko ba.

Ranar 14 ga Nuwamba ta kowace shekara ita ce Ranar Ciwon Suga ta Duniya, tun 1991, ranar haihuwar Frederick Banting wanda shi da Charles Best suka gano insulin a Toronto a 1921. Ranar Zuciya kuma 29 ga Satumba. A garuruwanmu kowace da tattakinta, da riguna da huluna masu tambari, da jawabin da rabinsa Turanci ne a ɗakin taro, kamar ciwo biyun ba a jiki ɗaya suke haɗuwa ba. Wanda ya fi buƙatar saƙon yana Kantin Kwari ko Dawanau, ko tana cikin gida ba ta fita sai awo ko biki. Rediyo yake ji, limamin Juma'a yake saurara, malamar Islamiyya take yarda da ita, mai kemis ɗin layinsu ne likitansa na farko. Waɗannan ne ya kamata a koya wa alamomin nan da lambobin nan da Hausar da kowa zai gane.

Akwai ma tubalin da za a ɗora a kai. Tun 2020 aka fara shirin shawo kan hawan jini a ƙananan asibitocin jihohin Kano da Ogun, da haɗin gwiwar Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ma'aikatan lafiya na matakin farko ke auna jini su ba da magani bisa tsari ɗaya mai sauƙi, ba sai an jira likita ba. Teburin da aka ɗaura wa mutum abin awo a dantse, a nan ya kamata a huda masa yatsa, a rubuta lambobin biyu a kati ɗaya. Haka kuma asibitin masu suga bai kamata ya sallami kowa ba sai an auna jininsa, an cire masa takalmi an duba ƙafa, an tambaye shi ko yana haki in ya yi tafiya.